Buta Ba Ta Bushe Ba

Duk wanda ya taɓa hawa motar bas da ke tashi daga garin Turnov ta zaga ƙauyukan gindin duwatsu ya san Draha Pelcová, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. Ita ce gajeriyar direbar nan mai faɗin kafaɗa, wadda ba ta jiran makararre ko ɗan wane ne, amma ba ta taka mota sai ta ga tsohuwar da ta shigo ta zauna daram. Wanda ya kalli bayan hannuwanta a kan sitiyari zai ɗauka kullum faɗa take yi da kyanwa. Ba kyanwa ba ce, dutse ne. Tun tana 'yar makaranta ubanta ya ɗaura mata igiya a ƙugu ya ce ta biyo shi, yau ga ta tana neman sittin ba ta daina cusa hannu a tsagar dutse ba.

Duwatsunmu na yashi ne, tsaitsaye a cikin daji kamar da hannu aka kafa su, kuma suna da dokokinsu da kowa ya tashi ya tarar. Ba a shafa garin alli a hannu. Ba a cusa ƙarfe a tsaga. Igiya ake ƙullawa a cusa ƙullin, in mutum ya faɗo ƙullin ya riƙe shi, in da sauran kwana. Zoben ƙarfe sai can sai can, inda wanda ya fara hawa ya ga dama ya kafa. Babbar dokar kuwa, ba a hawa jiƙaƙƙen dutse. Yashi in ya sha ruwa laushi yake yi, mariƙar da mutane suka yi zamani suna kamawa sai ta ɓalle a hannunka, kuma ba ta sake tsirowa. Kowa ya san haka, amma Draha ce ta ɗauki dokar ta ɗora a kanta kamar ita aka bar wa gado. Ta taɓa tsayar da mota cike da fasinja a gefen hanya don ta hango wasu baƙi manne da dutse washegarin ruwa. Ta sauka ta wanke su tas, har suka sauko suna ba da haƙuri cikin yaren da ba ta ji. Ta dawo ta ja motarta, babu fasinjan da ya ce uffan.

Abin da ta fi tsana a duniya shi ne Kudu. Kowace shekara, kafin ƙanƙara ta gama narkewa, 'yan ƙungiyarsu ta hawan dutse sukan taru su zaɓi inda za a je hutun Ista, hawan farko na bazara. Kowace shekara kuma sai an sami wani ya ɗaga yatsa ya ce a gwada Girka mana, ko Italiya, ko bakin tekun Kuroshiya, inda rana ba ta fashi. Ai kuwa ya jawo wa kansa.

"Can ai ba hawa ake yi ba, shanya ake yi," in ji Draha. "Ƙusa a kowane taku kamar tsani, hannu fari fat da alli. Masu burodi kawai! In murza fulawa kake so, ga gidan burodi nan bayan coci, suna neman ma'aikaci."

Da haka ta kashe maganar Kudu shekara da shekaru. Ta tarbiyyantar da ƙungiyar a kan ra'ayinta, ta kuma ji daɗin hakan, don Draha ba ta ƙi a ce ita ce da gaskiya ba.

Abokin igiyarta Vilém Hanuš ne, maginin murhu, dogo siriri wanda magana ke yi wa wuya kamar biyan haraji. A wajenmu abokin igiya ba miji ba ne, ba wa ba ne, wani abu ne da ba a raɗa masa suna ba. Shi ke shiga gaba, ita ke riƙe masa igiya daga ƙasa, in ya kai sama ya ja ta. Haka suke tun kafin ta yi aure. Mijinta Kamil, wanda shi nasa ciwon kamun kifi ne, da farko ya ɗan yi kishi. Daga baya ya gane mutanen da ke wuni ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ita tana zagi shi yana shiru, ba su da lokacin soyayya. Sai ya koma bakin koginsa.

A tsakiyar hunturun bana ne Vilém ya hau motarta. Ta ga ya miƙa hannu zai kama ƙarfen bakin ƙofa ya kama iska. Bai sauka a ƙauyensu ba, ya zauna har aka kai tashar ƙarshe, kowa ya watse. Ta kashe mota ta juyo.

"To, faɗa mini. Giya ka fara sha da safe ko me?"

"Ido ne, Draha."

"Ido kamar yaya? Ka sayi tabarau mana, kai da rowa."

"Na hagu ya tafi. Na daman ma yana bin sa. Za su yi mini aiki a makon da ke bayan Ista, sun ce ko za a tsira da abin ganin hanya." Ya murza hularsa. "Bayan aikin kuma babu ɗaukar nauyi, babu faɗuwa, babu abin da zai fizge ni. Likitar ta ce har abada. Na tambaye ta igiya fa, ta dube ni kamar na zage ta."

Draha ta kalli gilashin gaba ta daɗe. Duwatsu a rufe suke duk hunturu, ba za a taɓa su ba sai bazara. Ke nan tafiyar Ista ce kaɗai ta rage. Sau ɗaya tak zai ƙara ɗaura igiya, daga nan shi ke nan.

"Kada ki faɗa wa kowa," in ji shi.

"Don me? Sata ka yi?"

"In suka ji, ba za su bar ni in shiga gaba ba. Za su ɗaure ni su ja ni sama kamar buhun dankali, suna cewa sannu Vilém, yauwa Vilém. Gara in zauna a gida. Ki yi mini alkawari."

Ta yi masa. Ta yi ne da zafin rai, kamar yadda take yin komai, ba ta tsaya ta duba abin da ta ɗauko wa kanta ba.

Sai da ta kama hanyar komawa tunanin ya faɗo mata, ya kuma ɓata mata rai ƙwarai. Ita fa ta san Istar garin nan. Ta san shekarun da aka kwashe hutun kaf ana zaune a bukka, ana kallon ruwa ana gasa tsiran alade, a dawo gida igiya ba ta ko fita daga jaka ba. A da ba ta damu ba. Ita ce ma mai cewa wanda bai iya jiran dutse ya bushe ba bai cancanci ya hau shi ba. Amma a da akwai wata mai zuwa, akwai baɗi. Bana babu. In ana son tabbacin busasshen dutse a Ista, wuri ɗaya ne: wajen masu burodi.

Ta yi makonni tana fama da kanta. Ta ci wa fasinjoji mutunci a kan abin da bai kai ya kawo ba. Kamil ya tambaye ta ko gishiri ya ƙare a gidan ne da miya ta koma haka, ta ce in bai so ya je kifinsa ya dafa masa. Daga ƙarshe ta haɗiye girman kanta, ta je wajen Vendula, malamar makarantar da ta fi kowa shan zagi a kan maganar Girka. Ta ce tambaya ce kawai take yi wa wata fasinja. Vendula ta buɗe mata hotuna a waya: jan dutse, shuɗin teku, mutane da singileti. Draha ta kalla kamar mai shan magani. Ta tambayi ruwan sama, aka ce da wuya. Ta tambayi ko akwai hanyoyi masu sauƙi, masu manyan mariƙa da hannu zai laluba ya samu. Vendula ta dube ta ta ce, "Goggo Draha, fasinjar nan taki ta san hawa sosai." Draha ta ce ta kula da abin da ya dame ta.

Ranar zaɓe Asabar ce da la'asar, a gidan giyar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, a dogon teburin da ke jikin murhu. Murhun ma Vilém ne ya gina shi, yana zaune kusa da shi a inda ya saba, ya riƙe kofi da hannu biyu don kada ya neme shi ya rasa. Standa mai gyaran lantarki, wanda ke jan taron don ya fi kowa murya in an cire Draha, ya buga cokali a kofi.

"To jama'a, kamar kullum. Wa zai fara kawo maganar Girka a zage shi mu wuce wurin? Vendula, bismilla."

"Ni na tuba," in ji Vendula. "Bara sai da na yi mako ina mafarkin fulawa."

Aka yi dariya. Draha ta gyara murya.

"Ni ina ganin bana a je Girka."

Can sai Standa ya tuntsire da dariya har yana dukan cinya, sauran suka bi.

"Kai! Ta kusa kama ni! Draha, ashe kin iya wasa?"

"Ba wasa nake yi ba."

"A taɓa goshinta, don Allah. Wa ya ba ta abin sha kafin mu zo?"

"Standa, ka rufe mini baki ka saurara. Hunturun bana ya jiƙa dutse har ciki. Ista da wuri za ta zo. In aka yi ruwa ko sau ɗaya, mun tashi a tutar babu."

"To sai me? Wanda bai iya jiran dutse ya bushe ba..." Ya ɗaga hannu kamar mai ba da waƙa, teburin gaba ɗaya ya amsa: "Bai cancanci ya hau shi ba!"

Maganarta ce, da muryarta ma suka kwaikwaya. Daga nan aka shiga jefo mata kayanta ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce a saya mata hular masu burodi. Wani ya ce shi dama yana neman tsani don gyaran rufi, ta taho masa da ɗaya. Wata ta tuna ranar da Draha ta sa ta wanke hannu a rafi mai ƙanƙara don ta ga ɗigon alli a farcenta. Babu mugunta a ciki, su a ganinsu girmama ta suke yi. Wannan ne ya fi ƙona mata rai. Ta yi shekaru tana gina katanga, yau ta zo wucewa ta tarar ba ta bar ƙofa ba.

Kalma ɗaya za ta faɗa a gama. Ta kalli Vilém. Ya sunkuyar da kai yana kallon kofin da ba ya gani sosai. Ta ji maganar ta taso mata har maƙogwaro, ta mayar da ita.

"Ni dai na tsufa," in ji ta. "Ƙashina yana son rana. Laifi ne?"

"Ke? Tsufa?" in ji Standa. "Ranar da kika tsufa ni an daɗe da binne ni. A ɗaga hannu kawai. Masu son Girka?"

Draha ta ɗaga. Vendula ta ɗaga rabi, ta waiga hagu da dama, ta ga kamar tarko ne aka ɗana mata, ta mayar da hannun ta sosa kunne.

"Masu son gida?"

Hannuwa suka tashi kamar dawa a gona. A cikinsu har da dogon hannun Vilém.

Ba ta jira an kawo miyar tafarnuwa ba. Ta sami Vilém a waje yana laluben maɓallin rigarsa, ta tare shi a bakin matakala.

"Kai wane irin mutum ne? Na tsaya a gaban mutanen nan na zubar da mutuncina saboda kai, ka ɗaga musu hannu?"

"Ban aike ki ba."

"Ba ka aike ni ba! To ji nan, a bar su. Mu tafi mu biyu. In karɓi motar Kamil, in tuƙa ka har bakin teku. Ka hau busasshen dutse, ka sauko, a yi maka aikinka."

"In hau me a can, Draha? Ban san ko dutse ɗaya ba. Da wane ido zan nemi mariƙa? Ke za ki tsaya a ƙasa kina ihu, hagu, dama, sama kaɗan, kamar mai koya wa yaro cin abinci." Ya sami maɓallin ya saka. "Buta nake so."

Buta wani tsayayyen dutse ne a cikin dajin bayan ƙauyensu, mai ƙaton ciki da ɗan hanci a gefe, shi ya sa sunan. A kansa suka fara haɗa igiya.

"Hannuna ya haddace ta," in ji shi. "Ko a rufe mini fuska da buhu zan kai sama. A can ne kaɗai zan shiga gaba ba wanda zai gane komai."

"In aka yi ruwa fa?"

"In aka yi, an yi."

"An yi! Haka kawai? Kai ko a jikinka?"

Haushin da ta ji a ranar ya kasu biyu, ba ta san wanda ya fi ba: haushin ya ƙi bin shawararta, da haushin ta san shi ma yana da gaskiya.

Daga nan Draha ta zama mai duban sama. Matar da ta saba cewa masu hasashen yanayi maƙaryata ne da ake biya, sai ga ta tana ƙure rediyon mota in sun fara magana, tana daka wa fasinjoji tsawa su yi shiru. Makon da ke gaban Ista rana ta fito tarwai, iska ta yi ta kaɗawa, duwatsu suka yi haske. Ta fara sakin fuska. Har ta jira wani makararren ɗalibi, abin da ya sa aka yi ta tambaya a ƙauye ko lafiya.

Ranar da suka isa bukkar ƙungiya da jakunkuna da burodi da kitse da tulin igiyoyi, suna sauke kaya hadari ya haɗo daga yamma. Kafin a hura wuta ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Sauran ba su damu ba, sun saba. Aka fito da karta, aka fito da jita, aka soke tsiran alade a tsinke. Standa ya leƙa taga ya ce, "Draha, yanzu a Girka ana can ana shanya," aka yi dariya. Ta tashi ta fita ta tsaya a ƙarƙashin rufin itacen wuta, ta zagi hadarin da duk zagin da ta sani, ta haɗa da Standa da kakanninsa. Washegari ma ruwa, yayyafi mai naci wanda ba ya jiƙa mutum sosai amma yana shiga dutse har ƙashi. Vilém yana zaune a lungu yana ƙulla igiyoyin da zai cusa a tsaga, manya da ƙanana, yana gwada kowane ƙulli da yatsa. Ya san girman kowace tsaga a jikin Buta. Duk lokacin da ta kalle shi sai ta ji kamar ta fasa wani abu.

Ranar Lahadi da rana ruwan ya ɗauke. Litinin, ranar komawa, gari ya waye da rana mai kyau kamar ba ita ba. Kowa ya san ba a hawa. Dutsen da ya sha irin wannan ruwa ba a wuni guda yake bushewa ba. Aka shiga naɗe barguna ana share bukka. Vilém ya saɓa igiya a kafaɗa ya ce wa Draha, "Zo mu duba ta."

"Ina za ku da igiya?" in ji Standa. "Draha, kada dai ke ce za ki..."

"Iska za ta sha," in ji Draha. "Ta gaji da warin safarka."

Suka bi ta cikin daji, ita a gaba, shi yana bin jan rigarta. Inda saiwa ta gitta hanya takan ɗaga ƙafa da ƙarfi ta buga ƙasa don ya ji, ba tare da ta ce komai ba. Buta tana nan inda take. Gefen da ke kallon rana ya yi fari, ya bushe a ido. Amma tsagar da ake bi, daga gindi har zuwa zoben farko, ta yi duhu kamar an shafa mata mai, kuma can sama kusa da hancin akwai wani baƙin zane inda ruwa ke tsattsafowa. Yaro ma ya gani ya san amsa.

Vilém ya tsaya ya ɗaga kai. Ta san abin da yake gani: wani abu dogo mai haske, shi ke nan. Ya sauke igiyar a kan busasshen ganye, ya zauna ya canza takalmi, ya ɗaura igiya a jikinsa, ya rataya ƙulle-ƙullensa. Bai yi gaggawa ba. Ita ma ta ɗaura nata gefen.

"Yaya take?" in ji shi. "Ni haske kawai nake gani. Ta bushe?"

Draha ta kalli baƙin zanen. Ta tuna baƙin da ta sauko da su a gaban fasinjoji. Ta tuna Vendula, da wadda ta sa wanke hannu a rafi, da duk wanda ta taɓa kora daga gindin dutse. Ta auna su gaba ɗaya da mutumin nan da ke tsaye da igiya a ƙugu, ta ga ba su kai ba. Mariƙa ɗaya ce, ko biyu. In ta ɓalle ta ɓalle. Wa zai sani?

"Ta bushe," in ji ta. "Ƙayau. Hau."

Ya matsa jikin dutsen. Ya ɗora tafin hannu a kan cikin Buta, ya shafa a hankali har ya sami bakin tsagar, ya zura hannu ciki zuwa wuyan hannu kamar yadda ya saba. Ya daɗe a haka. Sannan ya zaro hannun ya murza yatsunsa kusa da kunne. Yashin bai zube ba, ya manne masa kamar jiƙaƙƙen sukari.

"Draha."

"Na ce ta bushe! Sama ta fi nan bushewa, rana ta buge ta tun safe. Kai dai ka hau, ni ce a igiya. Tun yaushe ka fara yi mini musu?"

"Idona ne ya lalace. Hannuna lafiyarsa ƙalau."

"To sai me? Sau ɗaya ne! Wa ya fi ka haƙƙi a kan dutsen nan? Ka hau, in wani ya yi magana ya zo ya same ni!"

"Mariƙar da ke ƙasan zobe siririya ce," in ji shi. "Ko da rani lallaɓa ta nake yi. In na ɓalle ta, babu mai sake bin nan sai ya tsallake. Za a ce wa ya yi? A ce Vilém, ranar da ya yi hawansa na ƙarshe." Ya goge hannun a wando. "Ke ce kika koya wa yaran nan. Kada ki sa in kunyata ki."

Ta buɗe baki ta rasa wanda za ta zaga. Ba Standa a kusa, hadari ya tafi, dutsen kuwa bai san tana yi ba. Ta kai wa wani kututture shuri har sai da yatsanta ya yi zafi, ta zauna a kansa ta kifa kai a gwiwa. Don baƙin ciki da haushi ta yi kuka irin na mutumin da bai iya kuka ba, mai kama da tari.

Vilém bai lallashe ta ba, bai iya ba. Ya kwance ƙullin ƙugunsa, ya zo ya kwance nata, ya shiga naɗe igiyar a hannu da gwiwar hannu. Da ya gama ya ɗaure ta tsaf, sai ya cire ƙulle-ƙullen da ya wuni biyu yana yi, ya haɗa da igiyar ya ɗora mata a cinya.

"Babban na tsagar farko ne. Ƙananan biyun na saman zobe. Kada ki bar Standa ya taɓa su, zai kwance."

"Ni ba na shiga gaba, ka sani."

"Ai sai ki koya. Vendula ta iya riƙe igiya."

Ya miƙa mata hannu, ba daidai inda take ba, ɗan gefe kaɗan. Ta kama ta miƙe. A hanyar komawa ita ce ta saɓa igiyar, abin da ba ta taɓa yi ba in suna tare.

Da suka fito fili Standa yana loda jakunkuna a mota. Ya ga igiyar a kafaɗarta, ya ga busassun gwiwoyin wandonsu, ya washe baki.

"Na faɗa muku! Na ce Draha ko da wuƙa a wuya ba za ta bari a taɓa jiƙaƙƙen dutse ba. Kada ka damu, Vilém, Buta ba gudu za ta yi ba. Baɗi ma rana ce."

Vilém ya ce, "Haka ne." Draha ta buɗe masa ƙofar mota, ta ɗora hannunsa a kan ƙarfen, ta jira har ya zauna daram.